Ina jiminar Abzin ta tafi?

Yau hirarmu a kan jimina take, da dokar da ke tsare dajin Abzin.

Ku tambayi tsofaffin Iferwan da Timiya. Za su gaya muku a da jimina na kiwo kusa da raƙuma cikin ƙoramu. Ita ce babbar tsuntsuwa ta duniya. Ba ta tashi sama, amma a gudu doki ba ya kamo ta. Ƙwanta ɗaya ya fi na kaza 20. Macen tana kwanci da rana, namijin da dare, har kwana 42.

A ran 22 ga Janairu 1988 gwamnatin Nijar ta yi doka, ta keɓe dajin Abzin da Tenere. Faɗinsa ya wuce murabba'in kilomita 77,000. Dokar ba ta kori kowa ba. Makiyayi yana kiwonsa, mai garka yana ban ruwansa. Abin da ta hana shi ne farauta, da sarar ɗanyen icce ba da izini ba. A tsakiyar dajin akwai yanki guda da ba a shiga sam sai da takarda.

Wani zai ce, me ya haɗa icce da jimina? Aduwa da jiga da kandili su ne rumbunta. A nan take samun ganye da inuwa lokacin bazara. Barewa ma haka. Wanda ya sare iccen ƙorama don gawayi ya kori dabba ko bai taɓa riƙe bindiga ba.

Wajen 1990 an ƙiyasta jimina kamar 1,600 a Abzin. A 1991 hukumar UNESCO ta sa dajin cikin kayan gadon duniya. Sai tawaye ya shiga ƙasar. Masu tsaro suka janye, bindigogi da motoci suka cika daji. Jimina ta fi doki gudu, amma mota ba ta gajiya. Aka ci nama, aka sayar da gashi, aka kwashe ƙwai. A 1992 aka sa dajin cikin wuraren da ke cikin haɗari. Namiji na ƙarshe da aka sani a daji ya mutu a 2004.

Ba a rasa irin ba ɗungum, don wasu mutane sun riƙe kaɗan cikin shinge. An yi kiwonsu a Iferwan, da Kelle cikin jahar Damagaram, da Maine-Sorowa, da fatan wata rana a mai da ƴaƴansu daji. Aiki ne mai wuya, don ba kowane ƙwai ke ƙyanƙyashewa ba, ƴan tsaki kuma suna yawan mutuwa.

To, barewa da ragon dutse suna nan, sun ragu ƙwarai. Dokar farauta ta 29 ga Afrilu 1998 ta hana kama naman daji ko ajiye shi a gida ba da izini ba. Ku saurara da kyau nan, don a nan masu kyakkyawar niyya suke ɓata abu.

In kun ga ɗan barewa kwance shi kaɗai, kada ku ɗauke shi. Ba maraya ba ne. Uwar ce ta ɓoye shi, za ta komo in kun yi nisa. Ku kira karenku, ku wuce.

In barewa ta ji ciwo, ko tarko ya kama ta, kada yara su kewaye ta da ihu. Tsoro da kora kaɗai suna kashe barewa. Ku rufe mata ido da rawani ko zane, ku kwance tarkon sannu, ku ja ta inuwa. Kada ku ɗura mata ruwa a baki, yana iya shaƙe ta. Ku ajiye ƙwarya kusa da ita. Sa'an nan ku aika wa mai gari da ma'aikatan gandun daji.

Ga aikin wannan mako. Kowa ya rubuta cikin littafinsa sunan dabba uku da kakansa ya gani a dajinku, ya ja layi ƙarƙashin wadda shi bai taɓa gani ba. Ku kai wa malaminku ya duba. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.