Zaɓen Fasahar da Za a Koya Don Gina Manhajar Intanet: Darasi Daga Kan Iyakar Bagudo



Maƙasudin wannan lacca shi ne amsa wata tambaya da ta daɗe tana damun ɗalibai masu sha'awar ilmin kwamfuta, watau wace fasaha ce ta kamata mutum ya fara koyo in yana so ya gina manhajar intanet. Abin nufi da manhajar intanet shi ne shafin da ba karanta shi kurum ake yi ba, a'a, ana shigar masa da bayani, ya yi lissafi, ya ajiye, ya ba da amsa. Yawanci akan amsa tambayar nan da jera sunayen abubuwan da ake yayi. Amma hanyar da ta fi dacewa ita ce a fara duban mutumin da za a gina wa manhajar, sa'an nan a zaɓi kayan aiki. Saboda haka ne aka ɗauki ƙasar Bagudo ta Jihar Kebbi don ta zama ma'auni.

Mutumin da Za a Yi wa Aiki

Ƙaramar Hukumar Bagudo tana iyaka da Jamhuriyar Benin, Kogin Kwara kuma ya ratsa ta. Tun zamanin da fatake suke bi ta Illo zuwa Gwanja sayen goro, yankin nan hanyar ciniki ne. Yarjejeniyar da Ingila da Faransa suka yi a 1898 ta bar Illo a hannun Ingila, maƙwabtansa na yamma kuwa a hannun Faransa. Har yau ɗan kasuwar da ya tashi daga Tsamiya ya nufi Segbana yakan fita daga ƙasar naira da Ingilishi, ya shiga ta sefa da Faransanci, ko da yake Hausa da Dandanci da Fulatanci suna yi masa amfani a ɓangarorin biyu.

Alal misali, a ce wata ƙungiyar manoman shinkafa a Lolo ko Ka'oje tana bukatar manhajar da za ta riƙa rubuta buhunan da kowane manomi ya kawo, da farashi, da bashin da ake bin sa. Wanda zai yi aiki da ita yana riƙe da waya mai araha, yana sayen data kaɗan kaɗan, layin sadarwa kuma yakan zo ya ɗauke. Waɗannan su ne sharuɗɗan da za su yanke hukunci a kan abin da ɗalibi zai koya.

Tushe Guda Huɗu

Na farko shi ne HTML, wanda da shi ake tsara abin da ke cikin shafi. Ya samo asali daga aikin Tim Berners-Lee, wanda ya gabatar da shawarar yanar gizo a cibiyar bincike ta CERN kusa da Janiba a 1989. Na biyu shi ne CSS, wanda ya fito a 1996, shi ne kuma yake sa shafi ya zauna daidai a fuskar ƙaramar waya kamar yadda yake zama a babbar kwamfuta. Na uku shi ne JavaScript, wanda Brendan Eich ya ƙirƙiro a 1995, shi ne yake sa shafi ya motsa, ya amsa wa mai taɓa shi. Na huɗu shi ne SQL, harshen da ake tambayar rumbun bayanai da shi, wanda asalinsa ya koma shekarun 1970. Duk huɗun sun daɗe, ana kuma aiki da su har yanzu. Da tsohuwar zuma ake magani.

Wanda ya laƙanci waɗannan zai iya warware matsalolin Bagudo ɗaya bayan ɗaya. Matsalar ɗaukewar layi tana da magani a cikin burauza kanta, domin akwai hanyar da JavaScript yake ajiye shafi da bayanai a cikin waya, magatakarda ya ci gaba da rubuta buhuna, sa'ad da layi ya dawo sai a aika. Matsalar rubutu ita ma haka, domin in an tsara shafi da rumbun bayanai bisa UTF-8, haruffan ɓ, ɗ da ƙ za su fito daidai tare da haruffan Faransanci masu alama a ka.

Matsalar kuɗi ce ta fi bukatar lura. A Nijeriya in an rubuta 1,500 ana nufin dubu da ɗari biyar, amma a rubutun Faransanci wannan ɗaya da rabi ke nan, domin waƙafi suke sawa inda ake sa ɗigo a nan. Bugu da ƙari, Bahaushe yakan ƙidaya sefa da dala, kowace dala kuwa sefa 5 ce, watau dala ashirin sefa 100 ce, jaka ɗaya kuma sefa 1000. Daɗin daɗawa, an ɗaure darajar sefa da kuɗin yuro, yuro ɗaya a kan sefa 655.957, alhali kuwa darajar naira tana hawa tana sauka. Manhajar da ba ta kula da waɗannan ba, lalle za ta jawo wa wani manomi asara, ta kuma jawo wa ƙungiya rikici. Babu wani kayan yayi da zai koya wa ɗalibi wannan, sai zama a kasuwa da sauraron masu ciniki.

Shiryayyun Kaya

Bayan tushe akwai shiryayyun kaya da aka ɗora a kan JavaScript don sauƙaƙa babban aiki. An fito da jQuery a 2006, AngularJS a 2010, React na kamfanin Facebook a 2013, Vue kuma a 2014. Suna da amfani ƙwarai, masu ɗaukar ma'aikata kuma suna yawan neman wanda ya san React. Amma akwai abin lura guda biyu. Na ɗaya, sukan ƙara wa shafi nauyi, nauyin nan kuwa mai waya ne yake biyan sa da datarsa. Na biyu, yayinsu yakan wuce. Kamfanin Google ya daina kula da AngularJS a ƙarshen 2021. Haka kuma Flash, wanda a dā ake gina shafuka masu motsi da shi, kamfanin Adobe ya janye masa tallafi a ƙarshen 2020. Wanda bai san komai ba sai Flash ya koma ɗan koyo, wanda ya san tushe kuwa ya canja kaya ya ci gaba.

Saboda haka ɗalibi ya zaɓi guda ɗaya tak daga cikinsu, bayan ya gama da tushe, domin taura biyu ba ta taunuwa. Haka zai yi wajen harshen da ke aiki a kan saba, watau kwamfutar da take riƙe da shafi. Ko PHP, ko Python, ko Node.js wanda ya ba da damar amfani da JavaScript a can ma, kowanne ya isa. Na'urorin basira da suke rubuta manhaja a yau ba su rushe wannan tsari ba, domin wanda bai san tushe ba ba zai gane kuskurensu ba.

Nauyin da ke Kan Ma'aikata

Ma'aikacin gwamnati da zai ba da kwangilar manhaja shi ma yana zaɓen fasaha, ko da bai sani ba. Ya wajaba ya tambaya ko manhajar tana aiki a ƙaramar waya, ko tana jure ɗaukewar layi, ko akwai matasa a Birnin Kebbi ko Aliero da za su iya gyara ta bayan mai kwangila ya tafi, da kuma ko za a iya fitar da bayanan in an so canja ta. Ya kuma tuna cewa dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ɗora alhaki a kan duk mai tara sunaye da lambobin mutane.

Kammalawa

A taƙaice, ɗalibi ya fara da HTML da CSS, ya daɗe a kan JavaScript, ya koyi SQL da harshen saba ɗaya, sa'an nan ya ɗauki shiryayyen kaya guda. Bayan haka ya gina ƙaramar manhaja, ya kai ta kasuwar Lolo, ya miƙa wa magatakardan da bai taɓa ganin ta ba. In ta yi aiki a can, za ta yi a Abuja da Kwatano. In kuwa ta gaza, to, ya san abin da ya rage masa ya koya.