Duƙushi Ba Ya Gudun Ingarma

Malamai, ɗalibai, da iyayenmu da suka taso daga Jega da Maiyama zuwa nan Aliero, ina gaisuwa.

A yammacin Amurka, musamman jihar Nevada, akwai dubban dawakin daji da wata doka ta 1971 ta ba kariya. Idan hukumar filayen gwamnati ta ga sun fi ƙarfin ciyawa da ruwan wurin, sai jirgi mai saukar ungulu ya sauko ƙasa-ƙasa, ya koro garke tafiya mai nisa cikin duwatsu har su faɗa shinge. Tun 1976 aka halatta hakan. Ingarma da goɗiya kan kai da ƙyar. Duƙushi fa? Ƙashinsa bai ƙosa ba, kofatonsa bai yi tauri ba, kuma muddin uwarsa na gudu ba zai tsaya ba. A wani kamu da aka yi a yankin Calico a 2010 an samu waɗanda kofatonsu ya saɓule, dole aka kashe su. A Janairun 2022 an ɗauki bidiyon wani duƙushi da ƙafarsa ta karye jirgi na binsa, har 'yar majalisa Dina Titus ta kai ƙudurin hana jiragen. Hukumar takan dakata daga Maris zuwa ƙarshen Yuni saboda haihuwa, amma wanda aka haifa a Yuni, wata nawa gare shi a Yuli?

Garin nan ya yi suna da ɗori, don haka kun fi ni sanin karaya. Mutum kan kwanta makonni har ƙashi ya kama. Doki ba ya jure doguwar kwanciya, nauyinsa na kan ƙafafun nan huɗu, shi ya sa karayarsa sau da yawa ajali ce.

Mu ba mu da jirgi, tirela gare mu. Fatar jaki ta yi tsada saboda maganin da ake haɗawa da ita a ƙasar Sin, ana ta lodin jakunanmu zuwa kudu. Ana sayar da jaka ɗanta na shan nono, ko a cusa su tare cikin mota manya su tattake shi. Wanda ya rage a gida kuma, tun bayansa bai yi ƙwari ba an aza masa mangala, ga buhun albasa. Jaka kan yi kusan shekara da ciki, ta haifi ɗaya tak. Garken da aka kwashe haka ba ya dawowa da wuri. Nijar ta hana fitar da jakuna tun 2016, Tarayyar Afirka kuma ta haramta yanka su don fata a Fabrairun 2024.

Roƙona ga sarakunan kasuwa da dillalai: kada a raba jaka da ɗanta kafin yaye, kada a loda mai ciki. Ku kuma ɗaliban noma na jami'ar nan, ku bi kasuwanninmu ku ƙirgo mana jakunan da suka rage, da yawan ƙanana a cikinsu.