Matsayin Mata a Kisan Ƙare Dangi na Ruwanda



A shekarar 1994, daga watan Afrilu zuwa Yuli, an hallaka mutane wajen 800,000 a ƙasar Ruwanda, galibinsu 'yan ƙabilar Tutsi. In ana ba da labarin nan, akan nuna maza riƙe da adduna, mata kuwa suna kuka. Amma sha'anin mata a wannan fitina ya wuce haka.

Da farko dai, sun sha azaba. Firayim Minista Agathe Uwilingiyimana, 'yar Hutu mai sassaucin ra'ayi, tana cikin waɗanda sojoji suka fara kashewa ranar 7 ga Afrilu. An ƙiyasta cewa mata 250,000 zuwa 500,000 aka yi wa fyaɗe, da yawansu kuma suka kamu da cutar ƙanjamau. Waɗansu matan garin Taba sun daure, suka je kotun Majalisar Ɗinkin Duniya a Arusha, suka faɗi abin da aka yi musu. Shaidarsu ce ta sa a 1998, a shari'ar magajin garin, Jean-Paul Akayesu, kotun duniya ta fara ƙidaya fyaɗe cikin ayyukan ƙare dangi.

Na biyu, kuma shi ne mai ɗaci, akwai matan da suka sa hannu cikin ta'asar. Valérie Bemeriki ta riƙa tunzura jama'a a gidan rediyon RTLM. Pauline Nyiramasuhuko kuwa ita ce Ministar Iyali da Ci Gaban Mata, wadda aka damƙa wa amanar mata, amma a Butare ta umarci 'yan bangar Interahamwe su yi wa matan Tutsi fyaɗe. A 2011 aka yanke mata ɗaurin rai da rai, a 2015 aka mai da shi shekara 47. Ita ce mace ta farko da kotun duniya ta kama da laifin ƙare dangi.

Na uku, akwai waɗanda suka ceci rayuka. Zula Karuhimbi, wata dattijuwa mai maganin gargajiya, ta ɓoye mutane da dama a gidanta. Duk sa'ad da 'yan banga suka zo, sai ta razana su da cewa aljanu za su far wa wanda ya taka ƙofarta. Ba ta da bindiga, ba ta da muƙami, amma waɗanda ta ɓoye sun tsira.

Bayan ƙura ta lafa, matan da aka kashe wa mazaje suka kafa ƙungiyar AVEGA a 1995, suka rungumi marayu. A 2008 Ruwanda ta zama ƙasa ta farko da mata suka fi maza yawa a majalisar wakilai.

To jama'a, ga minista, ga tsohuwar ƙauye, a ƙasa guda kuma cikin wata guda. Zama mace bai hana ɗaya mugunta ba, rashin ƙarfi bai hana ɗaya taimako ba. Saboda haka uwar da ke zaune cikin wata ƙabila ta lura da sunan da take kiran maƙwabta da shi a gaban 'ya'yanta, gama a Ruwanda sai da aka daɗe ana kiran Tutsi kyankyasai kafin a zare adda.

Allah ya kiyashe mu, amin.