Jawabin da anka yi ga taron ƙungiya bisa multimetar, abin awon kuran



Kowa ya san wahalar da ake sha kafin a tara kuɗin pano da batir a aiko gida. Sai ga shi wata shida ba su cika ba fitila ta dushe, a ce batir ya mutu. Wani lokaci ko waya ce kaɗai ta tsinke. Multimetar shi ka raba wannan gardama.

Wayoyi biyu gare shi. Baƙar tana shiga ramin da anka rubuta COM, jar kuma ramin da ke da V. In za a auna batir, sai a murɗa maɓalli zuwa V mai miƙaƙƙen zane, a tsaya bisa 20. Ja ga +, baƙa ga −. Batir mai volt 12 wanda ya huta awa kaɗan, in ya cika za ku ga wajen 12.6. In ya nuna 12.2, rabi ya rage. Ƙasa da 12 kuwa, a kashe talabijin ko da ana tsakar kokowa, don tatse batir ƙarƙaf shi ka gajarta mishi kwana. Pano ɗin da aka haɗawa da shi, in an cire shi ana rana tsaka, yana ba da wajen 20. A nan sai a hau bisa 200.

V mai lanƙwasasshen zane na kuran ɗin gari ne, volt 220. Wannan yana kisa. A bar ma masu sana'a.

Akwai wuri mai ƙara. A cire kuran tukuna, a taɓa bakin waya biyu: in ya yi kuka, wayar lafiya take, in shiru, ta tsinke daga ciki, ko ɓera ne ko gara. Haka aka gwada fizibil.

Ramin 10A na awon ampar ne, kuma nan aka ɓarna. Duk wanda ya bar jar waya ciki ya ɗora bisa kawunan batir, tartsatsi zai gani, fizibil ya ƙone, wataƙila har da yatsa. Kafin kowane awo, a duba ramin da jar waya take.