An Ba Su Fili Kyauta, Suka Ƙare Da Kwana A Bayan Katangarsa

Malam ya buɗe zaman karatun matasa na wannan mako da cewa yau zai kai 'yan'uwa wata ƙasa mai nisa, amma abin da za su gani a can sun saba ganin irinsa a ƙofar gida. Ya ce batun shi ne dukiyar hukuma, filaye da gine-gine, da ake bari a yashe ko a karkatar da su, alhali waɗanda suka fi kowa haƙƙi a kansu suna kwana a titi. Misalin da ya zaɓa kuwa na tsofaffin sojojin Amurka ne, ƙasar da kuɗin da ta ware wa harkar soja ya haura dala biliyan 800 a shekarar 2023. Ya ce da gangan ya zaɓi ƙasa mai wannan arziki, don kada wani ya fake da cewa talauci ne ya jawo.

ASALIN FILIN

Malam ya ce Amurka ta yi yaƙin basasa daga 1861 zuwa 1865, yaƙin kuma ya bar ɗimbin guragu da makafi da waɗanda ba su da mai ɗaukar nauyinsu. A shekarar 1888 sai wata attajira mai suna Arcadia Bandini de Baker da wani Sanata mai suna John P. Jones suka ba gwamnati wani makeken fili a yammacin birnin Los Anjeles, a jihar Kalifoniya. Suka rubuta sharaɗi a takardar kyautar, cewa a gina wa naƙasassun sojoji gida a wurin, ya dawwama nasu. Faɗin filin da ke hannun Ma'aikatar Tsofaffin Sojoji a wurin eka 388 ne, wato ya fi filin ƙwallon ƙafa 200 idan aka jera su. Ya ce da a ƙasar Musulmi aka yi wannan kyauta, sunanta waƙafi.

Da farko an riƙe amana. An gina ɗakunan kwana da asibiti da wurin ibada da ɗakin cin abinci, har ya zama dubban tsofaffin sojoji ne ke zaune a ciki kamar wani gari. Aka yi shekaru kusan 80 a haka. To a farkon shekarun 1970, bayan girgizar ƙasar da aka yi a yankin a 1971, sai aka kwashe mazauna wurin, asibiti ya ci gaba da aiki, gine-gine da yawa kuwa aka garƙame su. Abin mamaki, in ji Malam, wannan ya zo daidai da lokacin da samarin da aka tura yaƙin Biyetnam ke dawowa gida, wasu ba ƙafa, wasu hankalinsu ya taɓu.

A wannan tsakanin unguwannin da ke kewaye da filin suka zama na manyan masu kuɗi, ƙasa ta yi tsada, idanu suka dawo kan filin bayin Allah. Aka shiga yanka shi ana ba da haya. Jami'ar UCLA ta sami filin wasan ƙwallon sanda da suke kira besbol. Wata makarantar 'ya'yan masu hali mai suna Brentwood ta sami filayen wasanni. Aka ba wani kamfani wurin haƙar mai, aka ba wani wurin wankin kayan otal-otal, aka yi wuraren ajiye motoci, har da dandalin da masu kuɗi ke kai karnukansu shan iska. A shekarar 2018 kotu ta ɗaure mutumin da ke riƙe da wuraren ajiye motocin, bayan ya amsa cewa ya ɓoye wa ma'aikatar kuɗin da ya haura dala miliyan 13, yana toshe bakin wani jami'inta da cin hanci.

Su kuwa masu filin fa? Malam ya ce sai ga su sun kafa tantuna a gefen titin San Vicente, jikin shingen filin, kowane tanti da tutar Amurka a kansa. Mutum ya ba da ƙuruciyarsa da lafiyarsa saboda wannan tuta, ga shi yana kwana a ƙarƙashinta a bakin kwalta, yana hango kare na tsalle a filin da aka rubuta da sunansa. Sai a watan Nuwamba 2021 aka tashi wannan sansani aka shigar da su ciki. Ƙidayar da hukumar Amurka ta yi da kanta a watan Janairun 2024 ta nuna tsofaffin sojoji 32,882 ne ba su da wurin kwana a faɗin ƙasar, wannan ma bayan adadin ya ragu daga kimanin 74,000 a 2010.

YADDA SUKA BI HAƘƘINSU

A nan Malam ya ce 'yan'uwa su buɗe kunne, don nan ne darasin yake. A 2011 wasu daga cikin waɗannan tsofaffin sojoji suka kai ƙara kotu, daga cikin makamansu kuwa har da takardar nan ta 1888. A 2013 alƙali ya ce da yawa daga cikin hayoyin da aka bayar haramtattu ne. A 2015 gwamnati ta nemi sulhu, a 2016 ta fito da tsari mai alkawarin gina muhalli 1,200. Shekara 5 bayan haka, mai binciken ma'aikatar da kansa ya ba da rahoton cewa waɗanda aka gama ba su kai 60 ba. Alkawarin hukuma ke nan, in ji Malam, in dai ba a tsaya a kansa ba.

Ba su yi fushi sun watse ba. A 2022 suka sake komawa kotu. A watan Satumba 2024 Alƙali David Carter, wanda shi kansa tsohon soja ne da ya sami rauni a Biyetnam, ya yanke hukunci cewa a gina muhalli na dindindin 1,800 ƙari a kan na farko, da na wucin gadi 750, ya kuma soke hayar jami'ar da ta makarantar da ta kamfanin mai da ta wuraren ajiye motoci. Har ya sa aka datse filin wasan jami'ar da kwaɗo na wani ɗan lokaci. Gwamnati ta ɗaukaka ƙara. Sannan a watan Mayun 2025 Shugaba Trump ya sa hannu a wani umarni da ke alkawarin ba tsofaffin sojoji 6,000 matsuguni a wurin kafin shiga 2028. Malam ya ce wanda ya ji abin da ya faru da alkawarin 2016, ya san cewa sai ya ga makulli a hannun mai ɗaki zai ce an cika.

Ya ƙara da cewa tun 1987 Amurka take da doka, wadda ake kira dokar McKinney, da ta ce idan gwamnatin tarayya tana da gini ko filin da ba ta amfani da shi, a fara duba ko zai yi wa marasa muhalli amfani, a ba ƙungiyoyin da ke kula da su kyauta. Ga doka a rubuce, ga takardar kyauta a rubuce, amma daga ƙarar farko zuwa hukuncin 2024 sai da aka yi shekara 13. Wasu daga cikin masu jira sun mutu a titi ba su ga ƙarshen shari'ar ba.

TAMBAYAR DA KE ZUKATAN SAMARI

Malam ya ce ya san abin da ke yawo a zukatan wasu samari: mene ne ruwan Musulmi da sojan Amurka, alhali da irinsu aka rusa Iraƙi da Afganistan? Ya ce tambayar tana da nauyi, kuma babu wanda zai wanke waɗancan yaƙe-yaƙe. Sai dai a lura, waɗanda suka tsara yaƙin suka tura 'ya'yan mutane, ba a ga ko ɗaya daga cikinsu a tanti ba. Wanda ke tanti shi ne ƙaramin soja, da yawansu 'ya'yan talakawa da suka shiga don neman abinci ko kuɗin karatu. An matse shi kamar lemo an yar da ɓawon. Kuma addini ya hana ƙiyayyar wasu mutane ta sa Musulmi ya kauce wa adalci. Cin amanar waƙafi laifi ne ko wane ne aka yi wa.

Daga nan sai ya kawo abubuwa uku daga tarihin Musulunci. Na farko, Ahlus Suffa, sahabban da ba su da gida ba su da dangi a Madina. Manzon Allah (SAW) ya ba su matsuguni a jikin masallacinsa, wuri mafi daraja a garin, ana ciyar da su, daga cikinsu kuma ake fita yaƙi. Na biyu, gonar da Sayyidina Umar (RA) ya samu a Khaibara, wadda Manzon Allah (SAW) ya ba shi shawarar ya tsare asalinta ya yi sadaka da amfaninta. Aka sharɗanta ba a sayar da ita, ba a kyautar da ita, ba a gadonta. Malamai suka gina a kan wannan cewa sharaɗin mai waƙafi abin kiyayewa ne, mai kula da shi ɗan amana ne kawai, ba shi da ikon juya shi zuwa inda ransa ke so.

Na uku, kwarin Aƙiƙ da ke kusa da Madina, wanda Manzon Allah (SAW) ya yanka wa Bilal ɗan Harisu Almuzani. Da Sayyidina Umar (RA) ya zama Halifa ya ga yawancin wurin yana zaune ba a noma shi, sai ya bar masa iya abin da zai iya rayawa, ya karɓi sauran ya raba wa Musulmi. Malam ya ce a duba da kyau, sahabi ne, kyautar kuma daga hannun Annabi (SAW) ta fito, amma duk da haka ba a yarda ƙasa ta zauna a banza mutane suna buƙata ba. To ina ga ginin da aka yi da kuɗin talakawa aka bar wa jemagu da ɓeraye?

Ya kuma tuna wa 'yan'uwa ƙissar da Abu Yusuf ya kawo a littafinsa Alkharaj, ta wani tsoho makaho Bayahude da Sayyidina Umar (RA) ya tarar yana bara. Halifan ya ga rashin adalci ne hukuma ta amfana da mutum yana da ƙarfi, ta juya masa baya da ya tsufa, sai ya ɗauke masa jiziya ya sa a riƙa ba shi da ire-irensa daga Baitulmali. Wannan ma'auni, in ji Malam, da shi za a auna kowace hukuma.

A DAWO GIDA

Malam ya ce kada wani ya yi wa Amurka dariya, ya duba gida. Tun da aka mayar da babban birnin Nijeriya Abuja a watan Disamba 1991, gine-ginen gwamnatin tarayya da dama a Legas suka zama kufai. Babbar sakatariyar tarayya ta Ikoyi, a unguwar da ta fi ko'ina tsada, an sayar da ita a 2006, rigima ta ɓarke a kanta, ta yi shekaru masu yawa babu kowa a ciki. A ɗaya gefen kuma ga mutanen da suka yi yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970, da waɗanda aka tura Laberiya a 1990, da na Saliyo, da na Arewa maso Gabas. A 2022, da kuma a 2025, an ga tsofaffin sojoji sun shimfiɗa tabarmi a ƙofar Ma'aikatar Kuɗi ta Abuja suna neman haƙƙoƙinsu. Kowace ranar 15 ga Janairu kuwa sai a yi fareti, a ajiye furanni, a saki tattabaru don tunawa da su. Ya ce tattabara ta tashi ta koma ɗakinta, tsohon soja ya koma gadin ƙofar wani attajiri.

Saboda haka ya ba samari aiki. Kowa ya nemi tsofaffin sojojin unguwarsu da matan waɗanda suka rasu, ya gaishe su, wanda ya iya boko ya taimaka masu da cike takardun fansho, a raka mai rauni wurin tantancewa. Sannan kowace unguwa ta rubuta gine-gine da filayen hukuma da ke zaune a yashe a cikinta, a binciko na wace ma'aikata ne, da me aka yi nufinsu tun asali, a kai wa dattawa, a rubuta wa hukuma takarda a ajiye kwafinta, in an yi shiru a sake rubutawa. Ya ja kunne sosai cewa babu fasa ƙofa, babu mamaye wuri, don wanda ya shiga da ƙarfi ya ba azzalumi hujja a kansa.

Ya ce wa 'yan'uwa kuma su fara da nasu. Filin masallaci, filin Idi, maƙabarta, filin makarantar Islamiyya, nawa ne aka yanka aka yi shaguna saboda babu wanda ya san inda takardar take? Abin da ya tsayar da mutanen Los Anjeles a gaban alƙali takarda ce mai shekara fiye da 120. Duk waƙafin da ke hannun jama'a a rubuta shi, a sa shaidu, a yi masa rajista, a ajiye kwafi a wurare daban-daban tun masu bayarwa suna raye. Wanda kuma ke shirin shiga aikin soja saboda rashin abin yi, Malam ya ce kafin ya cike takarda ya je ya zauna da wani tsohon soja, ya ji daga bakinsa yadda ƙarshen aikin yake.

Ya rufe da roƙon Allah (T) ya sa 'yan'uwa cikin masu riƙon amana, ya isar wa raunana a duk inda suke, ya jiƙan iyaye da malamai. Aka tashi da salati ga Manzon Allah (SAW).