Barcin Ƙananan Yara da Haƙƙin da Ke Kanmu



Mai yiwuwa wasu su yi mamaki, a taron da aka saba maganar rijiyar burtsatse da gyaran ajujuwa, a ce an ware lokaci domin barcin jarirai. Amma mu da muka ƙare ƙuruciyarmu da alli a hannu mun sha ganin ɗan aji ɗaya yana gyangyaɗi tun kafin a fita tara, kuma in aka bi sawu sai a tarar tun yana goye gidansu ba shi da lokacin kwanciya.

A shekarar 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fayyace yawan barcin da yaro ke bukata a yini da dare. Jariri daga haihuwa zuwa wata 3 yana bukatar awa 14 zuwa 17. Daga wata 4 zuwa 11, awa 12 zuwa 16. Ɗan shekara 1 zuwa 2 kuwa, awa 11 zuwa 14, har da na rana. Sai dai sabon jariri ba ya haɗa wannan barci a jere. Cikinsa ƙarami ne, don haka yakan farka duk bayan awa biyu ko uku neman mama, kuma sai ya yi wata biyu zuwa uku kafin jikinsa ya soma rarrabe dare da rana. Wannan ba ciwo ba ne, ba kuma rigima ba ce.

Mun tsaya a kan wannan ne saboda a nan ake yin ɓarna. Uwa ta gaji, maigida yana mita zai fita kasuwa da asuba, sai a aiki yaro kemis ya sayo maganin mura ko na tari, a ɗura wa jariri don ya yi shiru. Jama'a, wannan ba barci ba ne, buguwa ce, kuma irin waɗannan magunguna suna iya danne numfashin ƙaramin yaro. Ba mu manta da shekarar 2008 ba, lokacin da maganin fitar haƙora mai suna My Pikin, wanda guba ta gurɓata, ya yi sanadin rasuwar yara fiye da 80 a ƙasar nan. A 2018 kuma Gwamnatin Tarayya ta hana sarrafawa da shigo da maganin tari mai kodin. Duk kwalbar da ba ma'aikacin lafiya ne ya rubuta ta ba, kada ta kusanci bakin jariri. Idan yaro ya kwana yana kuka ga zazzaɓi, ko ya ƙi mama, ko numfashinsa ya sauya, asibiti ake nufa da shi, ba a jira gari ya waye.

Sai batun yadda ake kwantar da shi. A kwantar da jariri rigingine, ba rub da ciki ba, a kan shimfiɗa mai ɗan tauri, ba tare da matashin kai ko bargo mai nauyi kusa da fuskarsa ba. A Ingila da Amurka, bayan da aka yi wa iyaye wannan gargaɗi a farkon shekarun 1990, yawan jariran da ake wayar gari a tarar sun rasu cikin barci ya ragu da fiye da rabi. A wurinmu jariri yakan kwana a gefen uwarsa. To, a kiyaye kada yayyensa su cushe a gadon, kada kuma a sha taba a ɗakin. Da hunturu mun san al'adar hura wa mai jego gawayi. A bar taga a buɗe, a fitar da kaskon kafin a kwanta, domin gawayi yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari. Haka ma janareta, a nisanta shi da ɗakin kwana. Da damina kuwa, gidan sauro mai magani ya fi duk wani hayaƙi da ake turarawa.

Ga wanda aka yaye ko ake shirin yayewa, abin da ya fi amfani shi ne tsari, kuma iyayenmu sun san shi tun kafin a rubuta shi a littafi. Ana cin tuwo bayan magariba, a wanke wa yaro jiki, kaka ta ɗauke shi tana jijjigawa tana waƙar reno ko tatsuniya, a tofa masa addu'a, kafin a idar da isha'i ya yi nisa. Yaro in ya ga abu ɗaya yana biye da ɗaya kullum a lokaci guda, jikinsa da kansa yake saki. Yau kuwa fim na tashi a tsakar gida har sha ɗaya, an miƙa wa ɗan shekara biyu waya don ya bar mutane su huta, ga shayi mai kauri an ba shi ya kurɓa, alhali ganyen shayi yana ɗauke da sinadarin da ke korar barci. Sannan a dawo ana cewa yaron nan ba ya ji. Barcin rana ma a yi shi bayan azahar, kada a bari ya kai la'asar sakaliya. Tsoratarwa da dodo kuwa, wadda wasu ke ɗauka dabara ce, ita ke sa yaro ya tsani duhu ya riƙa firgita cikin dare.

Maza, wannan magana ba ta mata kaɗai ba ce. Mai gida ne ke da ikon cewa a kashe talabijin, shi ke sayen gidan sauro, kuma babu abin da zai ragu a girmansa idan ya karɓi jariri ya zagaya da shi tsakar gida uwar ta runtsa na awa ɗaya.

Muna roƙon shugabannin ƙungiya da reshen mata su gayyaci ma'aikatan asibitin garinmu da unguwarzoma, a zauna da masu jego unguwa-unguwa kafin sanyin bana ya shigo, a kuma yi magana da masu kemis a kan abin da suke sayar wa yaran da aka aiko.

Allah Ya raya mana zuriya.