Daren Hunturu da Taurarin Zuru



Hunturu ya kama, giza-gizan damina sun janye. A daren da hazo ya lafa, wanda ya fita bayan garin Zuru bayan sallar isha zai ga Kaza da 'Ya'yanta tana hawa daga gabas. Ƙwayar ido takan ƙirga taurari shida ko bakwai a cikinta, amma madubin hangen nesa ko ƙarami ne zai nuna gommai. Hasken da ke isowa gare mu daga can ya yi sama da shekara 400 a hanya.

Cibiyar binciken sararin samaniya ta hukumar NASRDA tana Nsukka, nesa da yaranmu. Amma muna da Jami'ar Noma ta Tarayya a nan Zuru, ga fili, ga duhun da manyan birane suka rasa. Roƙona shi ne jami'ar ta samo madubi ɗaya, ta gayyato 'yan makaranta da iyayensu a daren 13 ko 14 ga Disamba, lokacin da taurari masu wutsiyar wuta ke ta zubowa. A nuna musu ramukan wata, da watanni huɗu na duniyar Jufita waɗanda Galileo ya gano a 1610.

A kira dattawa ma. Su ne ke riƙe da sunayen taurari da Hausa da C'lela, da yadda manoma ke duba su don lissafin shuka, kuma a ganina wannan ilimi ya cancanci a rubuta shi tun suna raye.